Rage gishirin miya kaɗai ya isa ga mai hawan jini?

Hajiya, kin tambaya ko rage gishirin miya ya wadatar, tun da likita ya ce maigidanki yana da hawan jini. Yana taimakawa, amma bai isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da gishirin da ba a gani.

A girkinmu na Damagaram nan matsalar take, domin dunƙulen magi cike yake da gishiri, kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuɓewa tana ɗauke da sinadarin sodiyam iri ɗaya da na gishiri, ga kuma kilishi da yajin tsire. A ganina, gara ki ƙara daddawa, albasa da tafarnuwa, ki riƙa rage magin sannu a hankali har harshe ya saba.

Idan yana shan taba, barinta wajibi ne. Kada kuma ya daina shan maganinsa ko da ya ji sauƙi, ya riƙa zuwa awon jini a asibiti mafi kusa.