Amsa ga mai .308 da ke watsa harsashi: kada ka sayar tukuna

Ɗan'uwa, sau biyu na karanta tambayarka, kuma wallahi kamar ni na rubuta ta shekara huɗu da suka wuce. Ka ce ka sayi bindiga mai sakata irin masu arahar nan, mai cin harsashi samfurin .308, harbi uku na farko suna haɗuwa wuri guda a yadi 100, na huɗu da na biyar kuma sai su kama gabansu, wani lokacin har tazarar inci 3. Kana tambaya ko ɗurin hannu, wato ka riƙa haɗa harsasanka da kanka, zai gyara ta, ko ka sayar ka huta. Kada ka sayar. Kayan ɗurin ma dakata da sayensu. Bari in ba ka labarin yadda na bar jaki na yi ta dukan taiki har kusan shekara guda.

Tawa irin taka ce, ƙotar roba, siririn bututu. Duk wanda na nuna wa takardar harbina sai ya taɓe baki ya ce ai araha ba ta ado. Da abin ya ishe ni sai na kai ta wurin wani mai gyaran bindiga da aka yi ta zuga mini. Mutumin nan ko harbi ɗaya bai yi da ita ba. Zare sakata kawai ya yi, ya ɗaga bututun ya leƙa ta hasken taga, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga gawa, ya ce bakin bututun ya lalace tun daga kamfani. Ya riƙe mini bindiga wata uku. In na kira ya ce gobe, in na je ya ce jibi. Ranar da na karɓa ya yanke mini kusan inci guda daga baki, ga wani dogon ƙarce a jikin ƙarfen da babu shi a da, wai shi bai gani ba. Na je na harba: tana nan yadda take, ko gezau. Na koma masa, sai ya ce to harsashin kanti ne ba ta so. Ya yago bayan kwali ya rubuta mini awon albarushi daga kansa, ya ce shi da wannan yake aiki shekara ashirin. Ni kuma, rashin sani ya fi dare duhu, na je na ɗura yadda ya rubuta.

A lokacin sanyi na fara harba su, ban ga komai ba. Da zafi ya shigo, harsasan sun wuni cikin mota, harbi na biyu sakata ta ƙi ɗaguwa. Sai da na sa guntun katako na buga ta. Kwanson ya fito da tabo mai ƙyalli a gindinsa, firaima, ƴar hular gindin kwanso da ke kunna albarushi, ta baje har ta faɗo da kanta. Fuskata tana inci nawa daga wurin nan? Sai daga baya da na sayi littafin ɗuri na ga adadin da ya ba ni ya haura iyakar da aka rubuta wa wannan albarushin, kuma ma na wani kan harsashi ne daban mai ƙarancin nauyi. Da na kai masa kwanson, buɗar bakinsa sai cewa ya yi bindigata ce ba ta da juriya. Ko sannu. Har yau in na tuna murmushin da ya yi sai raina ya ɓaci. Na bar shi da Allah.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Tsakanin waɗannan abubuwa na fita farauta da ita, alhali na san ban yarda da ita ba. Barewa ta tsaya mini a gicciye, kamar yadi 180, ba iska, na samu reshe na jingina. Na ɗora saiti bayan kafaɗa na ja kunama. Daga jin ƙarar da harsashin ya yi a jikinta na san a ciki ya same ta. Ta rankwafa, ta shige sarƙaƙiya. Na bi jini har duhu ya rufe, jinin ma ba ja wur ba, gauraye da abin da ta ci. Na kwana ban runtsa ba. Washegari da hantsi ungulaye ne suka nuna mini inda take, ta yi tafiya mai nisa kafin ta faɗi, naman ya riga ya lalace. Dabba ta kwana tana shan azaba saboda gangancina. Na zauna kusa da ita na fi rabin awa ban iya tashi ba. Wata biyar ban taɓa bindigar ba.

Ka san mene ne? Sukuru. Ranar da na ciro ta zan goge in sayar, na dafa madubin saiti da babban yatsa sai na ji ɗan motsi, kaɗan ƙwarai. Na kwance zobban, sai ga sukurun gaba na gindin da madubin ke zaune a kai ya saki, da farce ma yana juyawa. Mai gyaran nan da ya riƙe ta wata uku bai taɓa duba shi ba.

Don haka fara daga nan. Kwance madubin gaba ɗaya, ka goge mai daga ramukan, ka sake ɗaure gindin. Sayi sukudireba mai auna ƙarfin ɗauri, ta fi maka kowane kayan ɗuri amfani a yanzu. Zobba yawanci ƙarfin ɗauri na inci-fam 15 zuwa 18 suke so, in ka wuce haka kana iya matse jikin madubin ya daina riƙe saiti. Sukurori biyun da ke haɗa ƙarfe da ƙota kuwa, bi adadin da ke cikin littafin bindigarka, don kowace da nata, kuma kullum ka mayar da su daidai yadda suke.

Sannan ƙotar. Zura takarda tsakanin bututu da ƙota, ka ja ta har gindi. In ta maƙale, to akwai inda suke gogar juna. Amma ga inda ni na sha ruɗu: tawa takarda tana wucewa sumul in bindigar tana hannu, da na ɗora ta a kan ƙafafun jingina sai robar ta lanƙwasa ta taɓo bututu. Gwada takardar alhali bindigar tana a yadda kake harbi. Ni da sanda da takardar goge katako na faɗaɗa ramin, aikin awa guda, kuma na koma ɗora buhun yashi kusa da gidan harsashi maimakon can ƙarshen ƙota.

Wannan na huɗu da na biyar da kake kuka da su, ina kyautata zaton zafi ne. Siririn bututu ba a yi shi don ruwan harsashi ba, an yi shi ne don ka iya yawo da shi wuni guda. In ya ɗau zafi sai harbin ya riƙa hawa sama ko ya karkace gefe guda. Bar minti uku zuwa biyar tsakanin harbi, sakata a buɗe, ka gani. Kuma don Allah mu daina yaudarar kanmu da harbi uku. Masu liƙa hoton ramuka uku da suka haɗe, ina sauran takardun da suka jefar? Harba biyar sau uku, ko goma a takarda ɗaya, wannan ne ainihin halin bindigarka. MOA ɗaya, ma'aunin watsuwar harbi, inci 1.047 ne a yadi 100, kowa shi yake nema, amma bindigar da ke riƙe inci ɗaya da rabi kullum ta wadatar da maharbi. Ƙirjin barewa ba kwabo ba ne.

Wani abu da ba mai son a faɗa masa: wataƙila kai ne. Bindigogin nan ba su da nauyi, .308 kuma tana da shuri. Ba wa abokinka ya jera maka harsasai ya cusa na bogi ɗaya ba ka sani ba. Ranar da aka yi mini haka, kunama ta yi ƙas, bakin bindiga ya duƙa ƙasa kamar na ga maciji, idona a rufe. Kunya ta kama ni. Wata guda na yi ina jan kunama babu harsashi kafin zaburar ta bar ni. In kunamarka mai gyaruwa ce, kusan fam 3 ya isa farauta, kada ka saukar da ita ƙasa da abin da kamfani ya yarda.

Ɗurin hannu, e, yana taimakawa, amma ba ya ɗaure sukuru. Kafin ka kai can, gwada na kanti iri uku ko huɗu, masu kan harsashi giren 150, 165, 180 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi da albarushi ne). Yawancin bututun .308 na irin bindigoginmu zaren cikinsu mai murɗa harsashi juyi ɗaya ne a inci 10, duk waɗannan nauyin suna ɗauka, sai dai kowace bindiga da wanda take so. Tawa 165 ta zaɓa, ban san dalili ba, ban kuma tambaye ta ba. In ka fara ɗuri, littafi ne ubangidanka, ba bayan kwali ba, ba ni ba. Shi ya sa ba zan rubuta maka awona a nan ba, kuma duk wanda ya turo maka nasa ta bayan fage ka gode masa ka share. Fara daga awon farawa, ka riƙa ƙara giren 0.3 zuwa 0.5, kana duba kowane kwanso. Sakata ta yi nauyin ɗagawa, tsaya. SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai a Amurka, ta sa iyakar matsin da harsashin .308 zai yi cikin bindiga a psi 62,000, kuma idonka ba ya auna shi, sau da yawa kafin alama ta bayyana an riga an wuce. Kwanso yana ƙara tsawo, in ya kai inci 2.015 a rage shi. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, ka leƙa cikin kowane kwanso kafin ka ɗora kai. Ka canza firaima ko kwanso ko kan harsashi, koma ƙasa ka sake hawa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta, har da yanayin zafin ranar. Na ga abin da zafi ke yi.

Af, kada ka ɗauki kan harsashin gasa ka tafi daji don kawai ya yi maka kyau a takarda. Ba a ƙera shi don ya buɗe a jikin dabba yadda ya kamata ba. Nemi na farauta.

A daji kuma harbin farko ne kawai naka, daga bututu mai sanyi. Ni yanzu takarda ɗaya nake ajiyewa, duk ranar da na je filin gwaji in yi mata harbi ɗaya na farko in naɗe ta. Bayan zuwa goma na san inda bindigata ke kai harsashinta na gaskiya. Kada ka wanke bututu ƙal daren fita, harbin farko bayan wanki yakan kauce, saki biyu ko uku tukuna. In ka yi saiti a yadi 100 da giren 150, yi tsammanin faɗuwar kusan inci 4 a yadi 200, fiye da ƙafa guda a 300, amma je ka harba ka tabbatar da taka. Ka sauka daga tebur ma, ka koyi harbi a zaune, a durƙushe, da kan sanda. Ni tun ranar barewar nan na yanke wa kaina yadi 200, ko me zan gani a bayansa sai dai in kalla.

Bindigar tana nan wurina, da ƙarcen mutumin a jikinta. Biyar tana zuba su cikin inci ɗaya da kwata. Duba sukuroran nan yau da dare, ka harba biyar sau uku kana hutawa tsakani, sannan ka turo hoton takardun duka, har da wadda ba ka so mu gani. Ka faɗa mana kuma wane madubi ka ɗora mata, don ba ka ambata ba.