Tambayoyinku: Ko Aure Ya Mayar da Matata 'Yar Najeriya?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa sun zo ne daga jihohin Bauchi da Gombe, kuma dukkansu sun shafi takardun tafiya da na zama. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Azare. Shekara 14 ke nan da na auri maiɗakina, haifaffiyar Damagaram a Jamhuriyar Nijar, kuma Allah ya ba mu 'ya'ya biyar. Muna da niyyar zuwa Umara tare, amma ba ta da fasfo, sai lambar NIN kawai. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya samo mata takardar indijin ta ƙaramar hukumarmu, a rubuta cewa a nan aka haife ta. Shin auren da muka yi bai isa ya mayar da ita 'yar Najeriya ba? Kuma mene ne matsayin yaran?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya cika muku wannan buri. Bari in fara da yaran domin hankalinka ya kwanta. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, alhali ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa. Saboda haka 'ya'yanku biyar cikakkun 'yan Najeriya ne, har wani daga cikinsu yana iya tsayawa takarar gwamna ko shugaban ƙasa, muƙaman da doka ta keɓe wa 'yan ƙasa na haihuwa kaɗai. Abin da ya rage maka shi ne ka tabbatar kowannensu yana da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Game da uwargida kuwa, aure shi kaɗai bai mayar da ita 'yar ƙasa ba, sai dai ya buɗe mata ƙofa mai sauƙi. Amma kafin a je ga wannan ƙofar, ina so ka zauna da ita ku bi salsalar iyayenta, domin mu mutanen wannan yanki mun san cewa iyakar da Turawa suka shata ba ta raba dangin Damagaram da na Daura, Gumel ko Nguru ba. Idan mahaifinta ko mahaifiyarta ɗan Najeriya ne, to wannan sashe na 25 ya riga ya ba ta zama 'yar ƙasa ta haihuwa duk da cewa a waje aka haife ta, kuma abin da ake bukata shi ne hujjar asalin wannan mahaifi ko mahaifiya, ba ƙagen wurin haihuwa ba.

Idan kuma iyayenta duka 'yan Nijar ne, sai a koma ga sashe na 26, wanda ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa. Sharuɗɗan su ne ta kasance mai halin kirki, ta nuna aniyar zama a Najeriya, sannan ta yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Ana shigar da takardar neman ta hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, jami'an tsaro su yi bincike, amincewar ƙarshe kuma tana hannun Shugaban Ƙasa. Za a nemi shaidar aure a rubuce, abin da yawancinmu da aka ɗaura wa aure a ƙofar gida ko a masallaci ba mu damu da shi ba, don haka ka fara da zuwa kotun shari'a tare da waliyyai ko shaidu a fitar muku da takarda. Wannan hanya ta fi ta sashe na 27 sauƙi nesa ba kusa ba, domin baƙon da ba shi da dangantakar aure ko ta jini sai ya shafe shekara 15 a ƙasar, kuma gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi. A ƙarƙashin sashe na 28 kuma, Najeriya ba za ta tilasta mata ta yar da ƙasarta ta haihuwa ba.

A nan dole in faɗi abin da ke damuna da wannan doka. Gatan sashe na 26 na matar ɗan Najeriya ne kaɗai, bai haɗa da mijin 'yar Najeriya ba, kuma da aka kawo ƙudurin gyara wannan a Majalisar Dokoki ta Ƙasa a watan Maris na 2022, 'yan majalisa sun ƙi amincewa da shi. A ganina wannan rashin adalci ne ga 'yan'uwanmu mata da ke auren baƙi.

Maganar takardar indijin ta ƙarya kuwa, ina roƙonka ka nisance ta. Lambar NIN ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, domin ana ba baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida, kuma idan an riga an rubuta Damagaram a bayananta na NIN, duk wata takarda da ta zo da Azare za ta ci karo da su a ofishin fasfo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda zai amsa tambayar jami'ai ita ce da kai, ba wanda ya karɓi kuɗin ba. Don tafiyar Umara ta nemi fasfon Nijar, wanda haƙƙinta ne, sannan ku je ofishin Hukumar Shige da Fice da ke Bauchi a daidaita mata katin izinin zama. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 kawai ta ba baƙo ba tare da biza ba, ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, duk da cewa ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasar suna zirga-zirga har zuwa wani lokaci.

Tambaya: Barista, ni matashi ne ɗan shekara 26 daga Kumo, ina aikin tela. Wani ejan ya ce in sayar da kekunan ɗinkina ya yi mini bizar Umara, idan na isa Makka in zauna, daga baya zai haɗa ni da Balaraben da zai yi mini igama, wato katin izinin zama a Saudiyya. Mahaifiyata ba ta yarda ba. Me za ka ce?

Amsa: Ɗana, mahaifiyarka ta fi ejan ɗin nan gaskiya. Bizar Umara ta ibada ce, tana da wa'adi, kuma ba ta halatta wa mai ita yin aiki ko na yini ɗaya ba. Igama tana fitowa ne ta hannun kamfani ko mutumin da ya ɗauke ka aiki tun kana gida, ya aiko da bizar aiki da kwantiragi, aka yi maka gwajin lafiya, sannan ka shiga ƙasar da wannan bizar. Wanda ya shiga da bizar Umara ya ƙi fita ya zama mai laifi tun daga ranar da wa'adinsa ya cika, kuma tun da ana ɗaukar hoton yatsun kowa a filin jirgi, canza suna ko sabon fasfo ba ya ɓoye mutum.

Kowa a Gombe ya san wani da ya yi zaman takari, kuma waɗanda suka dawo ta hanyar tarhil, wato korar baƙi marasa takarda zuwa ƙasashensu, bayan sun yi kwanaki ko watanni a tsare a Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, su ne suka fi cancanta ka tambaya. Marar takarda ba ya iya buɗe asusun banki, yana tsoron zuwa asibiti, idan kuma wanda ya sa shi aiki ya hana shi haƙƙinsa ba shi da inda zai kai ƙara. Ka kuma sani cewa Saudiyya ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa don kawai an haife shi a can, shi ya sa muke ganin samari da 'yan mata da aka haifa a Makka, ba su san ko'ina ba sai can, an sauke su a Kano da Hausa a bakinsu kamar ta baƙi. Izinin zama na dindindin da ƙasar ta ɓullo da shi a 2019 kuwa, kuɗinsa riyal 800,000 ne, ka ga ba don irinmu aka yi shi ba.

Idan har kana son aiki a can, sana'arka tana da daraja, amma ka bi ta kamfanin da ke da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka ga kwantiragi da idonka, a karanta maka albashi da sunan aikin kafin ka biya ko sisi. Duk ejan da ya ce zai riƙe fasfonka, ko za ka biya shi bashi daga albashinka bayan ka isa, ka kai rahotonsa ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. Kekunanka kuma ka bar su inda suke.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gombe, shekarata takwas ina aiki. Wata ta ce za ta sayar mini da takardar ɗaukar nauyi ta aikin kula da tsofaffi a Ingila a kan miliyoyin naira, kuma bayan shekara biyar zan samu fasfon ƙasar. Ina da miji da yara uku. Idan na samu, zan rasa zama 'yar Najeriya?

Amsa: 'Yar'uwa, akwai kurakurai uku a cikin wannan magana, kuma na farkon shi ne mafi haɗari. Takardar ɗaukar nauyi ba hajar sayarwa ba ce, lamba ce da mai ɗaukar aiki mai lasisi yake bayarwa ga wanda ya ɗauka, kuma doka ta hana shi ɗora wa ma'aikaci kuɗinta. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayen masu lasisin a shafinta na intanet, kowa yana iya dubawa kyauta. Bugu da ƙari, tun ranar 22 ga Yulin 2025 aka rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, kuma tun watan Maris na 2024 aka hana masu wannan aiki tafiya da iyalansu. Wanda aka kama ya nemi biza da takardar jabu ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ke da kike da shaidar jinya da gogewar shekara takwas ba ki da bukatar wannan ɓarauniyar hanya. Ƙwararrun ma'aikatan jinya suna da tasu ƙofar: ki ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ki yi jarrabawar kwamfuta ta hukumar jinya ta Birtaniya tun kina nan, hukumar jinya ta Najeriya ta tantance takardunki, sannan ki yi jarrabawar aiki a aikace bayan kin isa. Da yake Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, an hana kamfanoni zuwa farautar ma'aikata a nan, amma ba a hana ki neman aiki da kanki kai tsaye a asibitin da ya yi talla ba. Ta wannan hanya maigida da yara suna iya bin ki, bayan an yi muku gwajin tarin fuka a cibiyar da aka amince da ita a Abuja ko Legas. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin zafin yadda asibitocinmu ke rasa irinku, amma shawarar taki ce da iyalinki.

Kuskure na biyu shi ne haɗa izinin zama da fasfo. Abin da shekara biyar ke bayarwa a tsarin da aka saba shi ne izinin zama na dindindin, da sharaɗin ba ki yi fiye da kwana 180 a wajen ƙasar cikin kowane wata 12 ba, kuma kin ci jarrabawar sanin rayuwar ƙasar. Sai an ƙara wata 12 bayan haka ake neman zama ɗan ƙasa. A watan Mayun 2025 ma gwamnatinsu ta fitar da shirin mayar da shekara biyar ɗin zuwa goma ga mutane da yawa, saboda haka ki karanta ƙa'idar da ke aiki a ranar da za ki nema. Na ukun kuwa shi ne tsoron rasa ƙasarki: tun da ke 'yar Najeriya ce ta haihuwa, sashe na 28 bai hana ki riƙe fasfo biyu ba, ita ma Birtaniya ta yarda da haka.

Tambaya: Malam, a wani shagon kwamfuta a Bauchi ana karɓar kuɗi ana cike wa mutane cacar bizar Amurka. In shiga?

Amsa: Kada ka shiga, ɗan'uwa. An cire Najeriya daga wannan shiri tun zagayen 2015, saboda ƙa'idarsa ita ce duk ƙasar da mutanenta fiye da 50,000 suka yi ƙaura zuwa Amurka cikin shekara biyar ba ta cikin masu cin gajiyarsa. Ƙasar haihuwa ake dubawa, ba fasfon da mutum yake riƙe da shi ba, kuma masu shagon da ke rubuta wa mutane cewa an haife su a Nijar ko Chadi suna jefa su cikin laifin yaudara, wanda a dokar Amurka yake iya haramta wa mutum biza har ƙarshen rayuwarsa. Idan an riga an karɓi kuɗinka, ka koma ka nemi a ba ka kwafin abin da aka cike da sunanka, ka duba wurin haihuwar da aka rubuta, sannan ka sake rubuto mana da abin da ka gani.