Amsoshin Tambayoyinku: Sabuwar Karbin Zan Saya Ko Takuna Zan Gyara?

Wani mai karatu ya rubuto: "Malam, shekarata guda ina shiga gasar harbi ta IPSC da karbin mai cin harsashin fistol, 9mm. Harbina na shiga tsakiya, amma kullum a bar ni a baya wajen lokaci. Abokaina sun ce nauyin bindigar ne. In sayar da ita in sayi mara nauyi?"

Ga sabbin masu karatu, karbin gajeriyar bindigar kafaɗa ce. Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka tukuna, mu yi lissafi. A wannan wasa, tun da aka kafa IPSC, ƙungiyar duniya mai shirya irin wannan gasar harbi, a 1976 a Kolombiya ta jihar Mizuri a Amurka, abu uku ake aunawa tare: daidaito, ƙarfi da sauri. Makin da ka samu ake rabawa da sakan ɗin da ka ɓata. A ce fili, wato zango ɗaya na gasar, na harbi 24 ne, cikakken maki 120. Ka samu 110 a sakan 20, sakamakonka 5.5. Wani ya samu 110 ɗin a sakan 18, nasa 6.1. To ina sakan biyun nan suka shige? In allunan 12 ne, kowanne harbi biyu, kuma sabuwar bindiga ta rage maka tazarar harbin farko da na biyu daga sakan 0.20 zuwa 0.15, abin da ka tsira da shi duka bai wuce sakan 0.6 ba. Ragowar yana ƙafafunka, wajen barin wuri da wajen isa wani.

Ka sa a ɗauke ka bidiyo da waya, ka kalla a hankali. Na tabbata abin da za ka gani ke nan: ka gama harbin ƙarshe, ka tsaya kana leƙen allo ko ya shiga, sannan ka miƙe, ka ja ƙafa ɗaya baya don neman ƙarfi, sannan ka zabura. Da ka isa kuma sai ka ci burki tsaye cak, ka ɗago bindiga, ka nemi jan ɗigon da ke cikin na'urar saiti. Gwanaye ba haka suke yi ba. Tun suna harbin allon ƙarshe gwiwoyinsu a lanƙwashe suke, nauyin jiki ya riga ya karkata inda za su. Harsashi na fita, ido ya bar allo ya koma kan wurin da ƙafa za ta sauka. In tafiyar taku biyu ce ko uku, ƙota ba ta barin kafaɗa. In gudu ne mai nisa, sai a sauke ta daga kafaɗa, a gudu da gaske. Saura taku biyu a isa, a mayar da ita kafaɗa, a rage tsawo, a ci burki da ƙananan taku, ta yadda ƙafar ƙarshe na taɓa ƙasa ɗigon yana kan allo.

Duk wannan da sharaɗi biyu da ba a sassauta wa kowa. Yatsa yana wajen gidan kunama, a fili yadda alƙalin fili zai gani, muddin ba saiti kake yi ba. Bakin bindiga kuma ba ya wuce digiri 90 hagu ko dama daga fuskar fili. Saɓa ɗaya daga ciki, an kore ka daga gasar gaba ɗaya. Inda aka fi samun matsala shi ne gudu da baya, domin jiki ya juya, bindiga mai tsawo kuma tana son bin sa. Ka koyi riƙe ta bakinta na kallon alluna alhali kai kana fuskantar inda za ka, ka maimaita a hankali har ya zauna maka kafin ka ƙara sauri.

Ban ce bindiga ba ta da nata ba. Amma inda nauyin ya taru ya fi jimillarsa muhimmanci. Wadda ta yi nauyi a gaba tana wuce allo in ka juyo da ita, sai ka dawo da ita. Sau da yawa canza mariƙin gaba zuwa mara nauyi ya wadatar. Bindigogi irin su JP-5, CMMG Banshee da SIG MPX an ƙera su ne yadda ba sa buƙatar ƙaton ƙarfen nan mai kai-komo a ciki, shi ya sa ɗigonsu ba ya tsalle sosai. Masu kyau ne, sai dai 0.6 ɗin nan suke sayar maka. Gajeren bututu yana sauƙaƙa shiga taga da lungu, amma nan doka ke da magana: a Amurka, misali, bututun da bai kai inci 16 ba yana ƙarƙashin dokar 1934 mai buƙatar rajista ta musamman. Ka tambayi hukumar da ta ba ka lasisi kafin ka taɓa shi.

Wata baiwar Allah ta ce: "Kuɗin abu ɗaya nake da shi. Kunama mai laushi, takalmi, ko agogon harbi?"

'Yar'uwa, agogo. Ba na ko shakka. Shi ne yake yin ƙara ki fara, ya kuma rubuta lokacin kowane harbi, kuma in babu shi zato kawai kike yi. Yana da amfani ko a gida: ki tabbatar bindiga ba komai a ciki, ki kai harsasai wani ɗaki, ki sa alama biyu a ƙasa tazarar mita biyar, ki saita agogon ya yi ƙara ta biyu bayan sakan uku. Aikinki ki bar alamar farko, ki isa ta biyu da ɗigo a kan allo kafin ƙarar. Kin iya, ki rage 0.1. Takalmi shi ne na biyu, mai haƙora a tafi irin na masu gudun daji, domin filayen gasa tsakuwa ne, ciyawa ko laka, ga kwanson harsashi warwatse, kuma wadda ba ta yarda da takalminta ba ba za ta iya cin burki da ƙarfi ba. Kunama ta jira.

Tambaya ta ƙarshe: "Ya fi kyau in yi harbi ina tafiya, ko in tsaya?"

Allo ne zai gaya maka. Tsakiya maki 5 ne, na kusa da shi 3, gefe 1, kuskure kuwa a cire maka 10 bayan 5 ɗin da ka rasa. A filin da ake cin kusan maki 6 a sakan, kuskure ɗaya daidai yake da asarar sakan biyu da rabi. Saboda haka buɗaɗɗen allo na kusa, wanda yake kan hanyarka, ka harbe shi kana tafe, gwiwa a lanƙwashe, diddige na sauka kafin yatsu. Ƙaramin farantin ƙarfe mai nisa, ko allon da aka jingina masa na hukunci, wanda in ka harbe shi za a cire maka maki, ka tsaya masa. Ka kuma tuna ɗigon karbin samfurin AR, wato mai ƙirar bindigar AR-15 ta Amurka, yana sama da bututu da kusan santimita shida zuwa bakwai. A mita uku harsashi zai sauka ƙasa da inda ka saita, a bakin taga kuma kana iya ganin allo sarai alhali bututun katako yake kallo. A 'yan mintocin da ake bayarwa na zagaya fili kafin a fara, ka tsaya a kowace taga ka auna tsayinta da kafaɗarka.