Ciwon sanyin fitsari bayan dashen ƙoda

Tambaya: Wata huɗu ke nan da aka yi wa maiɗakina dashen ƙoda, kuma sau biyu ke nan tana fama da zafin fitsari. Shin jikinta ne ya ƙi ƙodar, kuma za ta iya shan maganin sanyin da ta saba sha a da?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara mata lafiya. Zafin fitsari ba ya nufin jiki ya ƙi ƙodar, domin a cikin cututtukan da ke kama waɗanda aka yi wa dashe babu wanda ya kai wannan yawa, musamman ga mata da masu ciwon sukari a watannin farko. Magungunan da take sha don kada jikinta ya yaƙi ƙodar, irin su tacrolimus da prednisolone, suna rage ƙarfin garkuwar jiki, sannan an dasa ƙodar ne a gefen mara kusa da mafitsara, saboda haka ƙwayoyin cuta, galibi E. coli daga hanji, ba su da nisan tafiya kafin su isa gare ta.

Abin da ya fi damuna shi ne cutar kan ɓoye kanta. Tun da an yanke jijiyoyin ƙodar lokacin aikin, mai yiwuwa ba za ta ji ciwon kwiɓi ba, zazzaɓin ma yana iya zuwa da sauƙi. Idan ka ga rawar sanyi, ko fitsarin ya ragu ko ya yi duhu-duhu, ko wurin ɗinkin yana zafi in an danna, kada a kwana ba a je asibiti ba.

Maganin da ta saba sha kuwa, na kemis ne ko na gargajiya, ina roƙonka a ajiye shi. Allurar gentamicin da maganin ciwo irin su diclofenac suna lahanta ƙoda, erythromycin kuma yana sa tacrolimus ya taru a jini fiye da kima. Sai an kai fitsarin ɗakin gwaji an gano ƙwayar da maganin da ke kashe ta, kuma a ba da fitsarin kafin a fara shan komai. Tun da ya maimaita, likitanta zai so ya yi hoto ya duba ko mafitsarar tana juyewa sarai.

Ta riƙa shan ruwa gwargwadon yadda aka tsara mata, kada ta riƙe fitsari, kuma ko ciwon ya tsananta kada ta dakatar da magungunan dashen sai likita ya ce.