Ku Tambaya Mu Amsa: Mi zan gani a filin golf, ni da ban taɓa riƙe sanda ba?

Tambaya daga wani ɗalibi, unguwar Zariya, Maraɗi:

Assalamu alaikum Baba, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ɗalibi ne ina karatun awon ƙasa da tsara gari, Allah ya sa na samu tallafin wani ɗan kos na wata uku a Dundee ƙasar Sikotilan. Malaminmu da ya ji labari sai ya ce mini ko mi za a yi kar in dawo ban je St Andrews na taka tsohon filin golf ɗinsu da ƙafa ba, wai zan koyi abin da ba ya cikin littafi. To Baba ni gaskiya a tele kawai nake ganin wasan nan kuma na ɗauka na masu kuɗi ne, shin za su bar irina ya shiga ma kuwa, kuma in na shiga mi zan duba, ba ciyawa ba ce kawai da ramuka?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a karatun, ya kai ka lafiya ya maido ka lafiya. Malamin nan naka ka riƙe shi da kyau, ya san abin da yake faɗi.

Maganar shiga tukuna tunda ita ce ta fi damunka. Filin nan ba na wani attajiri ba ne, ƙasar jama'ar gari ce, tun 1552 akwai takarda da ta tabbatar wa mutanen St Andrews haƙƙinsu na yin wasa a wurin, kuma har yau ran Lahadi ba a buga ƙwallo a tsohon filin sai in wata babbar gasa ta faɗo a ranar. Ran Lahadi filin na hutawa, mutane su shigo da yaransu da karnukansu suna yawo kamar lambun gari, ba ka biyan ko dala, ba mai tambayarka kati. Daga Dundee bas za ka hau, kamar rabin awa ka iso. Abin da suke roƙo kawai kar ka taka farfajiyar da ramin ƙwallo yake, kar kuma ka sauka cikin ramukan rairayi, ka tsaya daga baki ka duba. Ni ma haka na shiga shekarun baya da aiki ya kai ni can, ban buga komai ba, kaye da bik ne kawai a hannuna.

To mi za ka duba. Ka fara cire wa kanka tunanin cewa wani injiniya ne ya zauna a buro ya zana filin nan sannan anka kawo katafila. Ba haka anka yi ba. Wurin jigawa ce ta bakin teku, rairayin da iska ta tara shekara da shekaru ciyawa ta kama shi, ƙasa ce da ba ta noma sai kiwon tumaki da zomaye, har akwai lokacin da masu kiwon zomo da masu wasa sunka yi ta shari'a a kan filin sai a 1821 rigimar ta mutu. Mutane sun tarar da ƙasa yadda Allah ya yi ta, sunka bi inda ƙafa ke bi, inda ya yi ɗan shimfiɗa sunka haƙa rami. Wasan ya tsufa ƙwarai a ƙasar, tun 1457 sarkinsu James na biyu ya hana shi don samari sun bar koyon harbin baka sun koma bugun ƙwallo. Kai da kake karatun awon ƙasa abin da za ka je gani ke nan, yadda ƙasa ta riga zane, zanen ne ya biyo ta.

Kuma wanga abu ba baƙo ba ne gare ka in ka tuna tarihin garinmu. Tsohon Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi anka hau tudu anka yanka tituna miƙaƙƙu irin na takarda. Je ka tambayi duk tsohon da ke noma a fadama, zai nuna maka inda ruwa ke kwana da inda yake wucewa ba tare da ya taɓa ganin taswira ba, da ƙafa ya sani. Idon nan nake so ka tafi da shi.

Ka fara daga rami na 1 gaban tsohon ginin kulob ɗinsu, shi kulob ɗin a 1754 anka kafa shi. Za ka ga fili fetal mai faɗin gaske saboda na 1 da na 18 hanya ɗaya sunka haɗa, har wata 'yar hanyar mota ta ratsa ta tsakiya mutane na bi zuwa bakin teku. Kallon farko za ka ce ai babu komai a nan, shimfiɗe yake kamar filin idi, kuma a tele ma haka yake fitowa don kamara daga sama take ɗauka tana danne tudu da kwari. Ka ci gaba da tafiya kawai. Daga rami na 2 ƙafarka za ta fara gaya maka wani labari, ƙasar duk ƙananan tuddai ce da lotsawa kamar gonar da anka yi wa huɗa ta shekara ba a taɓa ba, wani tudun bai wuce gwiwa ba amma shi ne zai karkatar da ƙwallo ta gangara inda mai ita bai nufa ba. Na tuna na durƙusa a gaban farfajiyar rami na 2 na sa kumatuna kusa da ciyawa don in ga yadda ƙasar ke hawa da sauka, ciyawar siririya ce gajera kamar gashin da anka yi wa aski, ƙasan kuma tauri kamar daɓe ko da yake an yi ruwa da asuba, babu taɓo ko kaɗan a takalmina don rairayi ya shanye. Ka yi haka kai ma, ka duƙa, abin da ba ka gani a tsaye za ka gan shi.

Siffar filin kamar sandar makiyayi take, doguwa siririya mai lanƙwasa a ƙarshe. Ana fita rami tara ta wajen kogin Eden, a juyo rami tara zuwa gari. Da can ramuka 22 ne, a 1764 sunka ga na farkon sun yi gajarta sunka haɗe su ya koma 18, shi ya sa yau duk duniya daga Amurka har Kano cikakken filin golf rami 18 ne. Saboda ƙarancin wuri masu fita da masu dawowa farfajiya ɗaya suke rabawa, guda bakwai ne irin haka, kowace da rami biyu, farar tuta ta masu fita ja ta masu dawowa. Ka lissafa da kanka, 2 da 16, 3 da 15, 4 da 14, haka har 8 da 10, kowane biyu ka haɗa 18 za su ba ka. Ramuka huɗu ne kawai ke da tasu su kaɗai, 1 da 9 da 17 da 18. Ta 5 da 13 ita ce babba, ta fi metir murabba'i 3000, ka zagaye ta kana ƙirga taku ka rubuta. Wanga darasi ne na mai tsara gari, ƙunci ne ya tilasta musu amma sai wuri ɗaya ya yi aiki biyu kuma ba wanda ya takura.

Yanzu ramukan rairayi, a nan nake so ka daɗe. Guda 112 ne kuma kusan kowane da sunansa kamar yadda muke sa wa rijiyoyi da tabkuna suna. Ana cewa asalin wasu tumaki ne ke laɓewa iska suna tona gefen tudu har rairayi ya fito, daga baya mutane sunka gyara. Ka matsa bakin ɗaya ka dubi bangonsa, yankakken ciyawa ne da ƙasarsa anka jera ɗaya kan ɗaya kamar mai ginin tubali, layi layi, kowane ya ɗan ja baya kaɗan don kar ya rufto, ka sa ido ka ƙirga layukan, na tsaya a kan wani na ƙirga har na wuce ashirin ban kai ƙasa ba. Ɗaya daga cikin manyansu yana rami na 14, sun sa mishi suna Jahannama da harshensu, zurfinsa ya kai metir 3. Amma ba girman ne abin lura ba. Ka dubi ƙasar da ke kewaye da kowane rami, za ka ga ta gangaro zuwa gare shi kamar bakin mazurari, ramin da bai fi tabarma biyu ba yana janyo ƙwallo daga nesa, daidai yadda rabin wata da manomanmu ke haƙawa a fako yake tara ruwan da ya sauka sama da shi. In ka gane yadda ƙwallo ke gangara ka gane yadda ruwa ke gangara, ilimi ɗaya ne.

In ka kai rami na 12 ka tsaya inda ake bugun farko ka duba gaba, ba za ka ga komai ba sai ciyawa lumui. Ka taka har ƙarshe sannan ka waiwaya, sai ga ramuka a tsakiyar hanya sun buɗe baki suna kallonka. Dalili, da can ta ɗaya gefen ake zagaya filin, ramukan suna fuskantar masu zuwa daga can. Don haka a kowane rami ka riƙa waiwaye, ni har cewa nake in kana da ƙarfi ka taka shi sau biyu, safe ka bi yadda ake bi yanzu, bayan azahar ka biyo shi ta baya. Tsawon ya haura kilomita 6, ba zai gagari wanda ya saba zuwa gona ba. Mutumin da ya fi kowa sa hannu a gyaran filin shi ne Tom Morris babba, ɗan garin, ya kula da shi kusan shekara 40 ya rasu a 1908, kuma maganinsa ga ciyawa in ta yi rauni shi ne a watsa mata rairayi.

Kar ka ɗauka kai ne na farko da zai je don karatu. Wani likita Alister MacKenzie ya auna filin nan ya zana taswirarsa a 1924, daga baya shi da ɗan wasan golf Bobby Jones sunka tsara filin Augusta na Amurka wanda ake nunawa a tele duk watan Afrilu. Shi Jones ɗin zuwansa na farko a 1921 haushi ya sa ya bar wata babbar gasa a rami na 11, ya tsani wurin, sai da ya sake dawowa ya fahimce shi har ya ci gasar a can a 1927. Abin da sunka ɗauka shi ne filin ba ya tilasta maka hanya ɗaya, mai tsoro ya bi hagu inda yake da faɗi amma bugunsa na biyu zai yi wuya, mai ƙarfin hali ya bi dama kusa da ƙaya da ramuka in ya tsira ya samu sauƙi. Shahararren ɗan wasa Tiger Woods a 2000 kwana huɗu yana wasa bai faɗa ramin rairayi ko ɗaya ba, ba ƙarfi ba ne, ya karanci ƙasar ne. Rami na 17 kuwa za ka ga otel ya tokare hanya, bayan farfajiyar ga titi ga katangar dutse, duk sunka bar su cikin wasan. Daga nan sai 'yar gadar dutse ta Swilcan da kowa ke ɗaukar foto a kai, ka ɗauka kai ma ka aiko wa mahaifiyarka.

Abu ɗaya ke damuna ɗana, kuma shi ya sa na tsawaita. Yaranmu da yawa in sun je waje sun ga kore shar sai su dawo suna son su dasa shi a nan ko ta halin ƙaƙa. Can ruwa na sauka kusan duk wata, mu nan wata uku zuwa huɗu ne sai rani, ciyawar irin tasu a Maraɗi sai an yi ta zuƙe ruwan ƙasa da mata ke layi a famfo suna jira, wannan ba zan taɓa goyon bayansa ba. Waɗanda sunka kawo wasan yankinmu ma sun gane haka, filaye da yawa a ƙasashen zafi ba ciyawa anka sa a wurin rami ba, rairayi ne anka cakuɗa da mai anka daddaɓe, a wajen Yamai kusa da kogi akwai filin da 'yan wasa ke yawo da guntun tabarmar roba suna ɗora ƙwallo a kai. Abin da za ka kwaso daga St Andrews ba ciyawar ba ce, yadda sunka saurari ƙasarsu ne. Mu tamu tana da gawo da sabara da kalgo da kwari da jigawa, duk unguwar da za ka yanka gobe ko makaranta ko kasuwa a kan wannan za ta zauna.

Kafin ka tashi ka yi gwaji a gida. Washegarin ruwa mai ƙarfi ka sauka gulbi da sassafe ta wajen tsohon gari, ka bi sawun ruwa a rairayi, ka zana inda ya ci ƙasa da inda ya ajiye ta, ka yi haka sau biyu ko uku hannunka ya saba. Ran da za ka je can kuma ka duba tukuna ko babu gasa a wannan Lahadin, ka sa rigar sanyi mai kare iska ko da rani ne a wurinsu don iskar tekun nan ta fi hunturunmu cizo, takalmi mara tsini, fensir maimakon bik saboda yayyafi na ɓata tawada, ka sa kayenka cikin leda. A kowane rami ka rubuta ta ina iska ke bugunka, don in ka juyo daga bakin Eden za ka ji ta koma ɗaya kumatun. In ka dawo ka kawo mini zanen rami na 12 na gaba da na baya in gani.