Auren Mangwaro da Inuwar Giginya

Tun da hadari ya fara haɗowa, masu sayar da dashe suka jera ledojinsu a bakin titi, wasiƙun da ke zuwa mini suka koma na itatuwa. Na tsamo biyar daga ciki. Sauran ku yi mini haƙuri, layi bai zo kanku ba tukuna.

Ta farko daga wani malamin firamare ce a Daura. Ya ce ya rubuta wa yara a allo "Mu shuka bishiya", sai shugaban makaranta ya leƙo ya ce kuskure ne, "Mu dasa bishiya" ake cewa. Suka yi ta musu har aka kaɗa ƙararrawar tashi. Wa ke da gaskiya?

Malam, shugabanka ya fi ka kusa da ita, amma kai ma ba ka ɓata da nisa ba. Shuka ta iri ce. Ka sari ƙasa da sungumi, ka jefa ƙwaya, ka rufe da diddige, kamar yadda ake wa gero da dawa da wake. Dasawa kuwa ta abin da ya riga ya tsiro ne, ya yi saiwa a wani wuri, ka ciro shi ka ba shi sabon mazauni. In ka sha mangwaro ka binne ƙwallon a bayan ɗaki, shuka ka yi. In ka sayo ɗan tsiro a baƙar leda, dashe ka yi. Masu lambu a Ƙofar Marusa ta birnin Katsina ba sa rikita biyun, domin albasa da tumatir da tattasai duk sai an yafa irinsu sun taso sannan a cire a dasa a fangali. Shi ya sa ma aikin da aka fara a Katsina a 1987 da tallafin ƙasashen Turai don tare hamada aka san shi da aikin dashen itatuwa. Renonsu ake yi a leda, a raba wa manoma.

Ka duba inda kalmomin suka nufa bayan sun bar gona. Mukan ce wane ya shuka tsiya, ko ya shuka rashin mutunci, wato ya watsa abin da zai tsiro daga baya. Ba mu cewa ya dasa tsiya. Amma da likitoci suka zo da aikin ciro ƙoda daga jikin wani a sa wa wani, ba wanda ya koya wa Bahaushe, dashen ƙoda ya kira shi. Kunnensa ya san abu ne rayayye aka sake wa wuri. Haka nan "abin da mutum ya shuka shi zai girba" maganar hatsi ce. 'Ya'yan itace ba a girbe su, tsinka ake yi, ko a kaɗo, ko a tsinta a ƙasa.

Kuma tun da baƙo ne dashe, sai an yi masa tarbar baƙo. A gina rami kamu ɗaya da rabi, zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu ƙona saiwa yake yi, ga shi da gayyato gara. A yage ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da an wargaza ƙasar da ke riƙe da saiwar ba, a dasa da yamma in rana ta yi sanyi, a ba shi ruwa nan take. A nan ƙasar tamu da damina ba ta wuce Yuni zuwa Satumba, wanda ya dasa a Yuli ya samu ban ruwan wata biyu kyauta.

Wata Hajiya daga Ƙofar Ƙaura ta ce mai sayar da dashe ya gaya mata mangwaronsa "mai aure" ne, don haka kuɗinsa ya ninka na sauran. Ta yi dariya ta ɗauka zolaya ce. Tana so ta ji ko Hausa ce ta gaske.

Hajiya, Hausa ce, kuma mai kyau. Da kin tsaya kin ga ana ɗaura auren da kin yarda. Ƙwallon mangwaron gargajiya, mai zaren nan, shi ake shukawa a leda, don saiwarsa ta san ƙasarmu. In ya kai kaurin fensir sai a datse kansa da reza, a tsaga shi kaɗan ta tsakiya. Sannan a yanko ɗan reshe daga bishiyar da aka san daɗin 'ya'yanta, irin su Binta Suga, a feƙe gindinsa ta gefe biyu kamar bakin alƙalami, a cusa cikin tsagar, ɓawo ya haɗu da ɓawo, a naɗe da zaren leda tamau don kada iska ko ruwa su shiga. Bayan 'yan makonni, in reshen ya yi toho, aure ya ɗauru. Gida biyu ne suka zama ɗaya, na ƙasa ya kawo juriya, na sama ya kawo zaƙi. Mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, ɗan ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye, kuma ba ki da tabbacin zai ɗauko halin uwarsa. In za ki saya, ki duba tabon haɗin a jikin karan. In babu tabo, leda kawai aka naɗa, ki riƙe kuɗinki.

Bari in tona wa kaina asiri. Na taɓa dasa mai aure a tsakar gida, na yi kasalar yi masa danga. Ranar wata Juma'a muna masallaci akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye kansa ƙarƙaf, ta bar ɗan kututture. Bayan kwanaki sai ga toho ya fito kore shar, na yi ta murna, na kewaye shi da ƙaya. Ban lura cewa daga ƙasan tabon ya fito ba. Shekara shida ina ba shi ruwa, ranar da ya yi 'ya'ya na yanka sai zare. Uwargida ta dube ni ta ce, "Ai Malam, auren nan tun ranar akuya ya mutu, kai ne ba a kawo wa takardar ba." To Hajiya, duk tohon da ya fito ƙasa da tabo ki fizge shi tun yana ƙarami, kuma kada ki binne tabon a cikin ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji mu Katsinawa, Kanawa su ce itace.

Wani saurayi ya haɗa tambaya biyu a kan gwanda. Tasa fure kawai take yi ba 'ya'ya, maƙwabta sun ce namiji ce. Sannan ko gwandar da ake sha ita ce gwandar "gwanda ka tafi"?

Ta biyun ba ta da wuya. A rubuce ne suka yi kama, a baki ba su haɗu ba. Ta marmari ana jan wasalinta na ƙarshe, ɗayar kuwa 'yar'uwar gara da gwamma ce. Maganar maƙwabta kuma gaskiya ce. Namijin gwanda furanninsa ƙanana ne, suna reto a kan dogayen silla. Macen nata furen babba ne, manne da jikin kara. Akwai kuma mai haɗe da siffa biyun. Tun da ba a gane su sai sun yi fure, ka shuka uku a wuri ɗaya, in sun nuna kansu ka rage. Namiji ɗaya ya ishi mata goma. Kada dai ka bar ruwa ya kwanta a gindinta, nan da nan take ruɓewa. A ganina ma sunan aro ta yi. Gwandar daji ce 'yar gida, wannan kuwa asalinta yankin Amurka ta Tsakiya, tsofaffi sukan kira ta gwandar Masar, kamar yadda masara ta samu suna. Baƙuwa ta ƙwace sunan, 'yar gida ta koma sai an ƙara mata "daji". Lemo da inabi da rumman su kam da sunayensu na Larabci suka iso.

Tambayar da ta fi faranta mini rai daga wata ɗaliba ce mai karatun Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ta ce a cikin "Inuwar giginya, na nesa ka sha", wa ake ce wa "ka"? Umurni ake ba na nesa ya zo ya sha?

'Yata, ba kowa ake kira ba. Wannan "ka" ba wakilin suna ba ne. Ita ce wadda daidaitacciyar Hausa ke cewa "ke". Na nesa ke sha. Har yau a bakin Sakkwatawa da Gobirawa da mutanen Maraɗi za ki ji "shi ka zuwa", "wa ka magana?". Karin magana ba ya son a taɓa masa tufafi, sai ya riƙe tsohuwar siffar ko a bakin wanda bai taɓa zuwa yamma ba. Ita ce dai a cikin "mai rabo ka ɗauka", wadda mutane da yawa ke ji kamar ana ce wa mai rabo ya miƙo hannu, alhali nufin shi ne mai rabo ke ɗauka.

Ma'anar kuwa sai kin tsaya a gindin giginya da hantsi ko da la'asar. Doguwa ce sambal, ba reshe, ganyen duk ya taru can ƙololuwa. Ke da kike jingine da ita rana na dukanki, inuwar ta faɗa can gonar wani. To haka mutumin da alherinsa ke tsallake iyalinsa da danginsa ya sauka a kan bare. Da tsakar rana ne kawai inuwar ke dawowa gindi, kuma mai hankali ba ya kwanciya a nan lokacin da 'ya'yan suka nuna, don guda ɗaya in ya faɗo ya isa fasa kai. Ba itacen tsakar gida ba ce. Amma daga ƙwallonta muruci ke fitowa, wanda ake dafawa a sayar, kuma shi aka yi wa kirari da murucin kan dutse, bai fito ba sai da ya shirya.

Na ƙarshe wani dattijo ne da jikansa ya kafe masa cewa "ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa" jariri mai kuka ake nufi. Baba, ku ce masa ya sake furta kalmar. Kukan hawaye muryarsa a sama take daga farko har ƙarshe, kukar miya kuwa gaɓarta ta biyu sauka take yi. Ɗan kuka shi ne 'ya'yan bishiyar, masu reto can sama inda hannu ba ya kaiwa. Yara na son garin da ke ciki, kukar ba ta hawuwa da sauƙi, sai su yi ta wurga dutse da sanda, uwar ce ke shan duka. Jikan naku bai yi laifi sosai ba, don masu hikima sun san kalmar na da fuska biyu, kuma ɗan da ke ɗebo wa iyayensa magana ake nufi ko ta wace fuska aka duba.

Yanzu da kuka ta yi ƙaranci a cikin gari, mangwaro ya gaji wannan jifan. Nawa mai zaren nan reshensa ya tsallake katanga ya leƙa lungu. Daga Afrilu zuwa Mayu, da an taso daga makarantar allo, sai in ji ƙwal a kan kwanon ɗaki, in fito in tarar da duwatsu da silifa ƙafa ɗaya a tsakar gida. Mai silifan yakan yi sallama bayan magariba, kansa a sunkuye.