Tambaya da Amsa: Yaya Zan Tsara Ayyukan Yammacin Laraba a Makarantarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare a Garwa, kuma bana shugaban makaranta ya ɗora mini nauyin kula da ƙungiyoyin ɗalibai da wasannin yammacin Laraba. Iyaye da dama suna ganin ɓata lokaci ne, har wasu sun hana 'ya'yansu mata zuwa. Wace ƙa'ida ya kamata in bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya taya ka riƙo. Babban abin da ke zubar da darajar waɗannan ayyuka a Kamaru shi ne makarantu da yawa ba sa tunawa da su sai ranar matasa, wato 11 ga Fabrairu, ta gabato, sai a kwashe makonni ana koya wa yara fareti da rawa a tsakar rana, da an watse kuma a kulle ganguna a ofis sai bikin ranar ƙasa, wato 20 ga Mayu. Uban da iyakar abin da ya gani ke nan, da wuya a ga laifinsa in ya riƙe ɗansa a shago. Saboda haka ka fitar da jadawalin shekara guda tun watan Satumba, kowace ƙungiya ta san abin da za ta nuna wa jama'a a ƙarshen zango: ƙungiyar harsuna ta yi muhawara da Faransanci da Ingilishi, ta lambu ta kai iyaye su ga darbejiyar da ta shuka da damina, wadda yaran da kansu suka yi ta ɗauko mata ruwa a bokiti har ta tsallake rani.

Batun lokaci ne ya fi buƙatar natsuwa. Yawancin ɗalibanka suna da makarantar allo ko Islamiyya da yamma, kuma duk tsarin da ya ci karo da ita shi zai sha ƙasa, don haka ka zauna da malamanta ku daidaita. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40, bai kamata a sa yaro gudu da azahar ba, ballantana in azumi ya zo. A lokacin a koma muhawara da wasan kwaikwayo a inuwa. Masu shirin rubuta jarrabawowin ƙasa, wato BEPC, Probatoire da Baccalauréat, a sassauta musu a zango na uku.

Game da 'yan mata, dogon bayani ba ya sauya ra'ayin uwa. Abin da take son ji shi ne akwai malama mace a wurin, ana kiran suna, kuma 'yarta za ta shigo gida kafin magariba. Ka je taron ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, ka faɗi wannan da bakinka, sannan ka cika.

Kada ka tilasta wa kowa shiga wata ƙungiya, kuma kada shirin gasar wasannin makarantu ta FENASCO ya sa filin ƙwallo ya zama na gwanaye kaɗai, sauran suna zaune a gindin bishiya suna kallo. Ɗalibai su zaɓi shugabanninsu da ma'ajinsu, kuɗin da ya shigo da wanda ya fita a rubuta a manna a allon sanarwa kowane ƙarshen wata.